Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

In ana saura kwana goma Salla ka ratsa ta Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ka ɗan tsaya a rumfar tela ka kasa kunne. A da mai kawo ɗinki ya kan zauna ya yi bayani da baki, ya ce a yi masa kaftani, a saki hannu, a sa aljihu biyu. Yanzu bayani ya ƙare. Saurayi ya kan zaro waya daga aljihu, ya miƙa wa tela, ya ce, "Irin wannan na ke so." Abin da ke cikin wayar kuwa hoton wani mawaƙi ne, ko ɗan wasan fim, ko ɗan wani attajiri ran ɗaurin aurensa. Mata ma haka su ke aikowa daga cikin gida. Tela ba ya musu, domin ya san in bai iya ɗinkin da a ke yayi ba, bana sai dai ya zauna yana kallon layi a rumfar maƙwabcinsa.

Wannan al'amari ya isa a zauna a yi masa tunani, balle a wannan yanki na kudancin Katsina, wanda ya ke ɗaya daga cikin manyan gidajen auduga na Nijeriya. Mutanen da kakanninsu suka tufatar da ƙasashe, yau su ne ke cin bashi su sayi tufar da ba a saƙa ta da ko zare ɗaya na gonarsu ba. Yaya aka yi haka, kuma wa ke da ikon gyarawa?

Koyi da manya ba yau aka fara ba

Kada wani ya ce 'yan fim ne suka kawo kwaikwayo ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni idon talaka yana ga fada. Abin da sarki ya sa, hakimi ya kan nemi mai kama da shi, dagaci ya dubi hakimi, attajirin ƙauye ya dubi dagaci. Alkyabba da naɗin rawani mai kunne biyu an san masu su, ba kowa ke taɓawa ba, amma riga aska takwas da aska biyu, da saƙi, da tsamiya, da ƙore mai baƙin shuni, duk wanda Allah ya hore wa ya kan saya don a gan shi da kamannin manya. Makaɗa da maroƙa su ne masu talla na wancan zamani. In makaɗi ya wasa mutum a bainar jama'a, ya ambaci dokinsa da rigarsa, to, kashegari magana ta gama gari. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, domin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi shekaru masu yawa yana zaune a Funtuwa, sun kuwa ga yadda bakin mawaƙi guda ke ɗaukaka sunan mutum har inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba.

Da zamanin siyasa ya zo, sai ido ya koma kan ministoci da shugabannin jam'iyyu. Hular nan ta Barno mai ɗinkin hannu da mu ke kira zanna-bukar, sunan Zanna Bukar Dipcharima ta ɗauka, wanda ya yi minista a Ikko a Jumhuriya ta farko. Doguwar hular da Alhaji Shehu Shagari ya ke sawa lokacin da ya shugabanci ƙasa, daga 1979 zuwa 1983, har mutanen Kudu suka sa mata sunansa. Malam Aminu Kano an san shi da fararen tufafi marasa ado da jar dara, ga shi kuwa shekaru da yawa bayan rasuwarsa a 1983, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya mai da jar hula alamar magoya bayansa, har ta cika kasuwanni. Mata su ma ba a bar su a baya ba. Tun da Hajiya Maryam Babangida ta fito da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, a na nuna ta a talabijin, sai ɗaurin kallabi ya samu sunanta, kamar yadda daga baya wani ɗauri ya samu sunan Zahra Buhari.

Ma'aikata kuma kada su yi dariya, don su ma suna ciki. Tsofaffin malaman makaranta da akawuna na tune da kuɗin Udoji da aka biya a 1975, yadda aka wayi gari kowa na neman rediyo da babur da agogo irin na maigidansa a ofis. Ashe dai kwaikwayo halin ɗan Adam ne, ba shi ne ciwon ba. Ciwon yana wajen da kuɗin kwaikwayon ke tafiya.

Inda kuɗin riga ke komawa a da

A ɗauki babbar riga guda ta saƙi a zamanin kakanninmu, a bi ta daga tushe. Manomi ya shuka auduga, wadda mutanen wajen su ka fi kira kaɗa. Mata suka gurje ta, suka fid da angurya, suka shiɓe, suka kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siri-siri, maɗinki ya harhaɗa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli, wani malami ya zana ado, almajirai suka yi wata da watanni suna ɗinkin hannu, dillali ya kai kasuwa. Riga ɗaya ta ciyad da gida bakwai ko takwas kafin ta hau wuyan mai ita. Saboda haka in attajiri ya yi gasa da hakimi wajen ado, ko da ya yi wauta, wautarsa ta zama tuwo a gidajen talakawan garinsa.

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya zo Katsina da Kano a 1851, ya rubuta yadda a ke ɗaukar tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano har Tambutu da Tarabulus. Da Turawan Ingila suka ci ƙasa, sai suka sa ido ga audugar don masaƙunsu na Lankasha. A 1912 aka shigo da irin auduga na Amurka mai suna Allen, a tsakiyar shekarun 1920 kuma aka kafa babbar gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, inda a ke fitar da irin da a ke raba wa manoman Arewa. Kamfanin auduga na Ingila da a ke kira BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa, har yau akwai unguwar da ke amsa sunansa, layin dogo kuma da ya tashi daga Zariya ya isa Ƙaura Namoda a 1929 ya bi ta nan. Duk da haka Turawa sun daɗe suna kuka da masaƙan gida, domin sau da yawa fataken Kano su kan taya auduga da kuɗin da ya fi na fuloti. Watau kasuwar gida tana da ƙarfin da har ta ke ja da ta Ingila.

Da mulkin kai ya gabato, Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta ga bai kamata a riƙa fitar da auduga ɗanya a dawo mana da ita yadi ba. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, a 1978 kuma aka kafa masaƙa a Funtuwa. A shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun haura 150, ba kuwa wata sana'ar masana'anta da ta fi su ɗaukar ma'aikata. Gaskiya ne ko a lokacin masu hali na sayen atamfar Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, da shaddar da mu ke kira gezna, wadda ta samo sunanta daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya. Amma matar da ta ga ɗaurin Maryam Babangida a talabijin tana iya yin irinsa da atamfar Kaduna, wadda mai yiwuwa audugar mijinta ce a ciki. Kwaikwayo ne, amma kuɗin na zagayowa gida.

Abin da ya sake

Abu uku suka sake, kowanne kuwa da nauyinsa.

Na farko, masaƙun sun durƙushe. Rashin wutar lantarki, da tsadar man injuna, da yadin da a ke shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, su suka taru suka kashe su. Masaƙar Kaduna ta Sardauna ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsaya a 2007, waɗanda suka rage yau 'yan ƙalilan ne. Kantin Kwari na Kano, inda 'yan kasuwar Funtuwa da Ƙanƙara ke saro kaya, yawancin abin da ke cikinsa daga Sin ya ke zuwa, wani daga Indiya da Dubai. Da masu sayen auduga suka ragu, manoma da yawa a Faskari da Sabuwa suka koma ga masara da waken soya da shinkafa. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje, ya kuma ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina, amma a 2023 aka janye wannan hani.

Na biyu, waɗanda a ke kwaikwaya sun yawaita, yayi kuma ya ƙara sauri. Finafinan Indiya sun shigo gidajen silima na Arewa tun shekarun 1950, amma sai wanda ya je birni ke gani. A 1990 aka yi fim ɗin bidiyo na Hausa na farko a Kano, Turmin Danya, cikin shekara goma kaset ya shiga kowane ƙauye mai janareta. Wayar salula ta zo a 2001, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, sa'an nan ga Facebook da Instagram da TikTok. Hular zanna-bukar ta fi shekara 60 a na sa ta ba ta tsufa ba. Ɗinkin da wata 'yar wasa ta fito da shi ran Juma'a kuwa, kafin wata Juma'a ya iso Sabuwa, kafin babbar Salla an ce ya zama tsohon yayi. Tufa ba ta tsufa a jiki yanzu, a ido ta ke tsufa.

Na uku shi ne wanda mutanen ƙauye ba su cika lura da shi ba. Zanna Bukar ba wanda ya biya shi don ya sa hularsa. Amma yau talla sana'a ce. Kamfanonin waya da na sabulu da na kayan miya su kan ɗauki shahararrun 'yan wasa da mawaƙa da yarjejeniya a rubuce, su biya su don su riƙe kayansu a gaban kyamara. Masu kantin yadi da masu ɗinki su kan ba 'yar wasa kaya kyauta, ko aro, ta sa a ɗauki hoto ta ambaci sunan kantin. Wannan ba sata ba ce, ciniki ne, har akwai dokar talla ta 2022 wadda ta ce a kai kowace talla a tace kafin a watsa ta, ko da a waya ce. Sai dai yarinyar da ke kallo a Faskari ba ta san haka ba. Tana tsammani mai hoton ta sayi kaya kala talatin da kuɗinta, alhali ita biyanta a ke yi ta sa, mai kallo kuwa ita ke biya. Kallon kitse a ke yi wa rogo.

Abin da ya ke ci a gida

Kowa ya san halin da wannan yanki ya shiga a shekarun nan. 'Yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa da gari. Ba a manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ko shekarar 2021 da aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni, aka katse layukan waya har tsawon watanni. Inda dukiya ta yi ƙaranci haka, kowace naira da ta fita a banza jini ce.

To, a auna. Mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta yanka a 2024 naira 70,000 ne a wata. Yadi 10 na gezna ta ainihi, wanda zai fitar da babbar riga da 'yar ciki da wando, ya fi wannan kuɗi tun kafin tela ya sa almakashi. Malamin firamare da ya ce lalle sai ya fita Idi da irin ta wane, ya cinye albashin wata guda da ɗoriya a kan abin da zai sa yini ɗaya. Ga lefe, wanda asalinsa 'yan turamen zane ne a cikin lefe na kaba, yau ya zama jerin akwatuna, a na kirga atamfa da leshi da abaya da jaka da takalmi, a na ɗauka a waya don a gwada da na 'yar wane. Ga anko, wanda kan sa mace ta karɓi turmi bashi don bikin da ba na ɗakinsu ba, wani lokaci kala biyu ko uku a biki guda. Samari nawa ne suka kai munzali suka kasa aure don tsoron akwati? Magidanta nawa ne suka sayar da hatsi tun da kaka, lokacin da ya ke araha, suka dawo suna awo da tsada da damina? Ba mai littafin da ya rubuta adadinsu, amma kowane mai unguwa da kowane limami ya san su da sunayensu, don gabansa a ke kawo rigimar.

Akwai wanda ya fi bashi muni, shi ne man canza launin fata. Fitilar ɗaukar hoto da dabarun waya su kan mai da fuska fara sol, yarinya ta gani ta ɗauka haka Allah ya halicci mai hoton, ko kuwa wani mai ta shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da irin waɗannan mayuka, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce abin ya zama annoba ta ƙasa. Wasu mayukan na ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda, wasu na sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa. Bashin atamfa a na biya a huta. Fatar da aka ƙona kuwa ba kantin da ke sayar da wata.

Mashahurai da suka juya akalar

Tun da ya ke mutane ba za su bar duban manya ba, hikima ita ce manya su sa abin da zai amfani masu dubansu. An taɓa yi, ya kuwa ci. A Indiya Mahatma Gandhi ya ɗauki kaɗi da hannunsa, ya yi alkawarin ba zai sa kome ba sai saƙar gida, miliyoyin mutane suka bi shi, har masaƙun Lankasha, waɗannan dai da ke sayen audugar Funtuwa, suka ji a jikinsu. A 1931 da ya je Ingila, da wannan ɗan mayafin saƙi ya shiga fadar Sarki. Daren 6 ga Maris 1957, da Kwame Nkrumah ya tsaya ya yi shelar 'yancin Ghana, rigar saƙi ta mutanen arewacin ƙasarsa ce a jikinsa, a 2004 kuma Gwamnatin Ghana ta roƙi ma'aikata su riƙa sa tufafin gida kowace Juma'a. A Burkina Faso, Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya umarci ma'aikatan gwamnati su sa saƙin audugar ƙasarsu, har yau kuwa matan da ke saƙa shi na cin abinci da shi.

A nan gida ma muna da misali. Hajiya Barmani Coge, mai kiɗan amada ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna ne da kiran mata su kama sana'a. Ba ta ce su sayi kome ba, cewa ta yi su nema. 'Yan wasan Hausa na yau sun fi ta masu kallo nesa ba kusa ba, har ɗaya daga cikinsu, Ali Nuhu, aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2024. Da manyan 'yan wasa biyar ko shida za su daure su fito shekara guda da saƙi, da rinin Ƙofar Mata, da hular ɗinkin hannu, da atamfar da aka buga a Nijeriya, lalle da tela a Ƙanƙara ya ga irin waɗannan hotuna a wayoyin samari, da kuwa masaƙi ya kakkaɓe kayan aikinsa.

Ga malamai da ma'aikata

Amma kada mu jingina kome ga mutanen Kano da Kaduna mu koma gefe. Ku malaman makaranta, da ku ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e, ku tuna abu guda. Zanna Bukar Dipcharima, da Malam Aminu Kano, da Alhaji Shehu Shagari, dukansu alli suka fara riƙewa kafin su shiga siyasa. Mutanen da aka sa wa huluna sunansu malaman makaranta ne irinku. A ƙauyen da ba minista ba attajiri, malami da akawu da malamin asibiti su ne manyan da yaro ke gani da idonsa kullum, ba a cikin waya ba.

Saboda haka abin yi a fili ya ke. Malami ya koya wa yara bambancin labari da talla, ya nuna musu cewa wanda ke yabon sabulu a waya biyansa aka yi. In an zo darasin lissafi, a sa su auna buhun masara nawa ke sayen turmi guda mai yadi 6, su kai amsar gida. In an zo tarihi, a gaya musu abin da aka yi a Daudawa, don da yawansu na wucewa ta wurin ba su san kome ba. Shugabannin makarantu in za su zaɓi yadin tufafin 'yan makaranta, su tambayi inda aka saƙa shi. Ma'aikaci kuwa in zai aurar da 'yarsa, ya rage akwati, ya yafe anko, ya faɗa a fili cewa da gangan ya yi. Talaka in ya rage, cewa za a yi babu ce ta sa shi. Mai albashi in ya rage, sai a ce sabon yayi ne, a bi shi.

Ba mu ce kowa ya bar ado ba. Tsabta da kyakkyawar shiga abin so ne a addini da al'ada, tela da mai kanti kuma su ma iyali gare su. Abin da mu ke cewa shi ne, kafin mutum ya miƙa wa tela waya, ya tambayi kansa abu biyu: shin aljihuna zai ɗauka ba da bashi ba, kuma kuɗin nan gidan wa za su kwana? Magabata sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ta noma kaɗa ta tufatar da Tambutu ba ta cancanci ta ƙare da aro ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, manoma su koma gonakinsu, ya kuma sa mu gane abin da zai fisshe mu.